Yadda Ake Neman Amincewar Majalisa Don Yin Taron Tuna Waɗanda Aka Yi wa Kisan Ƙare Dangi a Ginin Gwamnati

Ƙungiya ko makaranta ko sashen jami'a da ke son yin taron tunawa da waɗanda aka yi wa kisan ƙare dangi na iya kama ɗakin taro na otal, su biya kuɗi, a yi a watse. Babu mai tambayarsu. Amma in ana so a yi taron a ginin da yake mallakin jama'a, kamar harabar majalisa ko babban ɗakin taro na gwamnati, lamarin ya sauya, domin duk wanda ya buɗe maka ƙofar ginin hukuma tamkar ya yarda ne da sunan da ka sa wa taron. Wannan ne ya sa a wasu ƙasashe ba mai riƙe da mabuɗi ke ba da izini ba, wakilan jama'a ne ke bayarwa a bainar jama'a, da ƙuri'a, a rubuce.

Mu fara duba inda tsarin ya zauna da gindinsa, sannan mu dawo Sakkwato.

A Amurka, babban zaure mai ƙubba da ke tsakiyar ginin majalisar tarayya a Washington ba na majalisar wakilai kaɗai ba ne, ba kuma na majalisar dattawa ba. Na su biyu ne. Saboda haka duk wani biki da za a yi a ciki, al'adar ita ce majalisun biyu su amince da ƙuduri guda mai kalmomi iri ɗaya. Irin wannan ƙuduri ba ya zuwa teburin shugaban ƙasa, kuma ba doka ba ne, izinin masu gida ne kawai. Taron farko na tuna Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta hallaka an yi shi a wannan zaure a watan Afrilun 1979, zamanin shugaba Jimmy Carter, sannan a 1980 majalisar ta kafa hukumar da ke shirya shi duk shekara. Da aka buɗe sabon sashen baƙi a ginin a watan Disamban 2008, dokar da ta tsara shi ta ce babban zaurensa, wanda aka sa wa sunan 'yantar da bayi, ba za a yi wani taro a ciki ba sai majalisun biyu sun amince. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne gajartar ƙudurin. Layuka kaɗan ne: an yarda a yi amfani da zaure kaza, ranar kaza, don biki kaza, kuma shirye-shiryen wurin za su bi sharuɗɗan ofishin da ke kula da ginin. Babu dogon tarihi, babu zargin kowa. Kuma ko da an yi bara, bana sai an sake kawo sabon ƙuduri.

A Jamus majalisar tarayya ce da kanta ke zaman tunawa a zaurenta a kusa da 27 ga Janairu, tun 1996 da shugaba Roman Herzog ya ayyana ranar don tuna waɗanda gwamnatin Hitila ta hallaka. A Namibiya maganar ta taso ne daga ƙudurin wani ɗan majalisa, ta ɗauki shekaru ana tuntuɓa, har aka tsayar da 28 ga Mayu don tuna ƙabilun Herero da Nama da sojojin Jamus suka karkashe tsakanin 1904 da 1908, aka yi taron farko a lambun majalisa da ke Windhoek a 2025. A Kigali kuwa, ginin majalisar Ruwanda har yau yana ɗauke da tabon harsasan 1994, kuma a harabarsa akwai gidan tarihi na yaƙin da ya tsayar da kisan.

Mataki na farko: gano mai ginin

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, mai kujeru 30, tana da cikakken iko a kan harabarta kaɗai. Idan a can kake son taron, maganarka tana hannun Kakakin Majalisa da Akawun Majalisa da sauran shugabanni, kuma in sun ga ya dace za su kai ta zaure. Amma Filin Wasa na Giginya, Dandalin Shehu Kangiwa, babbar cibiyar taro ta Kasarawa, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu, duk suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa, kowanne da ma'aikata ko hukumar da ke riƙe da shi. A kan irin waɗannan majalisa ba ta ba da umarni kai tsaye da ƙuduri. Kira take yi ga gwamnati, gwamnati kuma tana iya amsawa ko ta yi shiru, domin a tsarinmu ƙudurin da ba doka ba bai zama dole a kan gwamna ba.

Ɗakunan taro na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma na gwamnatin tarayya ne, hukumar jami'ar ke ba da su, majalisar jiha ba ta da ta cewa. Harabar fada tana hannun Majalisar Sarkin Musulmi. Zauren ƙaramar hukuma, a kowace daga cikin 23 ɗin, shugaban ƙaramar hukumar da kansiloli za ka tunkara.

To me ya sa za a wahala da majalisa in ginin ba nata ba ne? Saboda takardar da ke cewa wakilan jiha sun zauna sun goyi bayan taron tana sauƙaƙa wa babban sakataren ma'aikatar da ke riƙe da ginin sa hannu. Ma'aikaci ba ya son ya zama shi kaɗai ya buɗe ginin gwamnati ga taron da zai iya jawo ce-ce-ku-ce. In majalisa ta riga ta yi magana, ya sami abin jingina. Don haka tun farko ka yanke shawara: izini kake nema daga majalisa a kan gininta, ko goyon baya kake nema don ginin wani? Rubutun ƙudurin ya dogara da amsar.

Mataki na biyu: tsayar da abin da za a tuna, da sunan da za a kira shi

A ganina rabin aikin yana nan. Kisan ƙare dangi laifi ne da ke da ma'ana takamaimai a dokar duniya. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 9 ga Disamba 1948, wadda Nijeriya ta shiga a 2009, ta ce shi ne aikata kisa ko makamancinsa da niyyar shafe wata al'umma, ƙabila, launin fata ko mabiya wani addini, gaba ɗaya ko wani ɓangare nasu. Niyyar ita ce ginshiƙi, ba yawan gawa ba. Ɗan majalisar da ya san wannan zai tambaye ka: wa ya tabbatar da cewa abin da kake son mu tuna ya cika wannan sharaɗi? Ka zo da amsa a hannu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka rataya taronka a jikin ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta ware. Akwai 27 ga Janairu, ranar da aka 'yantar da Auschwitz, sansanin da gwamnatin Hitila ta yi ta hallaka Yahudawa a ciki, a 1945, wadda aka ware a 2005. Akwai 7 ga Afrilu, ranar tuna kisan da aka yi wa 'yan Tutsi a Ruwanda a 1994, inda aka hallaka mutum 800,000 zuwa miliyan guda cikin kwana 100, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta yanke hukuncinta na farko a kansa a 1998. Akwai 11 ga Yuli, don Musulmin Bosniya maza da samari fiye da 8,000 da aka kashe a Srebrenica a 1995. Kotun Duniya da ke Hague ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne, amma duk da haka da aka zo ware ranar a watan Mayun 2024 ƙasashe 84 ne suka amince, 19 suka ƙi, 68 suka ƙaurace. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ko inda kotu ta gama magana, siyasa ba ta gama ba. Sai kuma 9 ga Disamba, wadda aka ware a 2015 don tuna duk waɗanda wannan laifi ya shafa a ko'ina, da neman hana aukuwarsa.

Ga wanda zai fara a Sakkwato, ni 9 ga Disamba nake ba da shawara. Ba ta ware wata al'umma ta bar wata ba, saboda haka ba za a tashi a zaure a ce don me aka tuna waɗancan aka manta da waɗannan ba. A ƙarƙashinta malami zai iya kawo darasin Ruwanda, wani ya kawo na Bosniya, wani na Namibiya.

Abubuwan da shari'arsu ke gaban kotu, kamar ƙarar da Gambiya ta shigar da Myanmar a 2019 kan 'yan Rohingya da wadda Afirka ta Kudu ta shigar da Isra'ila a ƙarshen 2023 kan Gaza, suna taɓa zuciyar mutanenmu ƙwarai, kuma babu abin da ya hana mai jawabi ya ambace su. Amma kada ka nemi majalisar jiha ta yanke hukunci a kansu cikin ƙudurin aron zaure. Harkokin waje suna cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, kuma ɗan majalisa ɗaya da ya tashi ya tunatar da Kakaki wannan ya isa ya sa a jingine maganar.

Haka nan abin da ya faru a gida. Mutanen Goronyo ba su manta da harin kasuwa na Oktoban 2021 ba, na Sabon Birni ba su manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a Disamban 2021 ba, na Rabah kuma suna tune da Tabanni a 2018. Waɗannan sun cancanci a tuna da su a ginin gwamnati, watakila ma fiye da kowa, tunda iyalansu suna nan cikinmu. Sai dai a kira taron da sunan da ba za a yi musu a kai ba: addu'a da tunawa da waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka rutsa da su. Da zarar ka liƙa musu sunan kisan ƙare dangi, tambaya ta gaba ita ce wace ƙabila ce ta yi wa wace, kuma a yankin da Hausawa da Fulani suke cuɗe da juna, kowane ɓangare da matattunsa, wannan tambaya tana iya kunna wutar da taron ya zo kashewa. Idan kuma tarihi mai nisa kake nufi, kamar Satiru, garin da aka rusa a watan Maris na 1906 aka kashe mutum kimanin 2,000, to ka sani maganar ta shafi Turawan mulkin mallaka kuma ta shafi sarautar wancan zamani. Ba a kai irinta majalisa kafin a zauna da masana tarihi na jami'a da kuma fada.

Mataki na uku: rana, lokaci da yanayi

Ka ɗora ranarka a kan kalanda uku. Ta farko ta majalisa: tsarin mulki ya ce ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ma'ana akwai hutu masu tsawo, kuma ƙarshen shekara kasafin kuɗi ke cinye hankalin kowa. Mai son 9 ga Disamba ya shigar da takardarsa tun Satumba. A shekarar zaɓe kuwa ka ninka haƙurinka, domin zama kan yi wuya. Ta biyu kalandar Musulunci: azumi, sallah da tafiyar alhazai suna ɗauke manyan baƙi da 'yan majalisa. Ta uku yanayin garin. Ranar 7 ga Afrilu tana faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, don haka fili a buɗe ba zai yiwu ba sai da sassafe. Ranar 11 ga Yuli damina ce. Disamba da Janairu akwai hunturu da ƙura, amma su ne suka fi daɗin taro.

Ka sa taron tsakanin ƙarfe 10 na safe da azahar, ka guji Juma'a. Kuma ka rubuta rana ta biyu a takardarka, ko da gwamnati na da nata taron a zauren ranar da ka zaɓa.

Mataki na huɗu: takardu

Majalisa ba ta ba wa "wasu matasa" gini. Tana son sunan da za ta kama in wani abu ya lalace. In ƙungiya ce, a haɗa kwafin rajistarta ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattunta. In sashen jami'a ne ko kwaleji, wasiƙar ta fito da kan takardar makarantar, da sa hannun shugaban da ke da hurumi. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi inuwar shugaban harkokin ɗalibai.

Wasiƙar neman izini shafi ɗaya ta isa, a aika wa Mai Girma Kakakin Majalisa ta hannun Akawu. A maƙala mata bayanin shafi biyu: abin da za a tuna, dalilin yin sa a Sakkwato, jadawalin taron minti bayan minti, sunayen masu jawabi da taken jawabinsu, adadin mutanen da ake sa rai, da inda kuɗin ya fito. Wannan na ƙarshe kada a ɓoye shi. In ofishin jakadanci ko wata ƙungiyar waje ce ta tallafa, a faɗa tun farko, domin in daga baya aka ji daga bakin wani, taron ya mutu. Wasiƙun hukuma da Turanci ake rubuta su, amma ka shirya fassarar Hausa mai kyau ta bayanin, za ta yi maka amfani wurin malamai, fada da gidajen rediyo. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka.

Mataki na biyar: samun ɗan majalisar da zai ɗauki maganar

Wanda ba ɗan majalisa ba ba ya gabatar da ƙuduri. Dole wani daga cikin talatin ɗin ya miƙe da sunansa, wani kuma ya mara masa baya. Ka fara da wakilin mazaɓarka, wannan haƙƙinka ne, kuma tsallake shi rashin ladabi ne da zai iya dawo maka. Ka same shi a ofis, ba a wurin ɗaurin aure ba. Maganar ba ta buƙatar kwana-kwana: "Ranka ya daɗe, mun zo ne da buƙatar aron zaure na awa uku, ranar 9 ga Disamba, don addu'a da lacca a kan kisan ƙare dangi da yadda ake kauce masa. Ba mu neman kuɗi, ga jadawali, ga masu magana." Jimlar nan ta "ba mu neman kuɗi" tana buɗe fuska fiye da duk wani yabo da za ka jero.

Daga nan ka nemi mai mara baya daga wata jam'iyya, in da hali daga wata shiyyar sanata daban. Sakkwato tana da shiyyar gabas, ta arewa da ta kudu, kuma ƙudurin da ɗan gabas ya kawo ɗan kudu ya goya wa baya ba ya kama da na mutum ɗaya. Shugaban masu rinjaye shi ne ya fi kowa tasiri a kan abin da ke shiga jadawalin zama, shugaban marasa rinjaye kuma shi ne zai iya hana a mayar da maganar rigimar jam'iyya. Ka gaishe su duka biyun da takarda.

Kafin maganar ta isa zaure, ka kai gaisuwa inda ya kamata. A rubuta wa Majalisar Sarkin Musulmi, ana sanar da Mai Alfarma da neman albarka da wakilci. A sanar da shugabannin malamai na ɓangarori daban-daban, da shugabannin Kiristoci na jihar. Ba doka ce ta ce a yi haka ba, amma duk wanda ya san garin nan ya san ɗan majalisa zai tambaya, "An sanar da fada?" Gara amsarka ta zama e.

Mataki na shida: rubuta ƙudurin

Lauyoyin majalisa da ma'aikatan Akawu za su gyara shi zuwa salon da aka saba, amma kai ne za ka ba su ƙashin bayan. Ka kwaikwayi gajartar na Amurka. Ga yadda ma'anarsa za ta kasance in ginin majalisa ne:

Majalisa ta lura cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 9 ga Disamba don tuna waɗanda aka yi wa kisan ƙare dangi da neman hana aukuwarsa, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar 1948. Saboda haka majalisa ta amince a yi amfani da ɗakin taro kaza da ke harabarta ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, don taron addu'a da tunawa wanda ƙungiya kaza za ta shirya. Shirye-shiryen wurin da tsaro za su bi sharuɗɗan da Akawun Majalisa ya gindaya. Masu shirya taron ne za su ɗauki nauyin kuɗinsa.

In ginin gwamnati ne, jimla ta biyu ta koma: majalisa tana kira ga gwamnatin jiha ta ba da wuri kaza. A ƙara jimlar da ke umartar Akawu ya isar da ƙudurin ga Sakataren Gwamnatin Jiha da ma'aikatar da abin ya shafa, a kuma ɗora wa wani kwamiti bibiyar lamarin. In babu wannan, takardar tana iya kwana a fayil har ranar ta wuce.

Kada ka cusa neman hutu, gina hasumiya, biyan diyya ko kafa hukuma. Duk abin da zai taɓa baitulmali ko ya dawwama shekara bayan shekara hanyarsa daban ce: ƙudurin doka, karatu uku, aikin kwamiti, jin ra'ayin jama'a, da sa hannun gwamna cikin kwana 30. Wannan aikin wata shekarar ne, bayan an ga taron farko ya tafi lafiya.

Mataki na bakwai: ranar zama

Ɗan majalisarka zai ba da sanarwar ƙudurin ta ofishin Akawu, kwamitin da ke tsara ayyukan majalisa ya sa shi a jadawalin wata rana. Ka tambayi ofishin kwana nawa na sanarwa dokokin zama suka tanada, ka ƙara mako biyu a kai. Akwai gajeriyar hanya ta "al'amarin gaggawa mai muhimmanci ga jama'a", amma an yi ta ne don ambaliya da hari da annoba. Mai amfani da ita don aron zaure yana nuna bai shirya da wuri ba.

Ranar, sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun hallara zama zai inganta, wato mutum 10 a Sakkwato. Mai ƙuduri zai karanta, a mara masa baya, Kakaki ya buɗe muhawara, sannan a yi ƙuri'ar murya. Rinjaye mai sauƙi ya isa, kuma Kakaki ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Sashe na 97 na tsarin mulki ya ce da Turanci ake gudanar da zama, amma majalisa tana iya amincewa da ƙarin harshen da ake yi a jihar.

Ku je ku zauna a wurin baƙi, mutum biyar zuwa goma, cikin shiga ta kamala. Ba a tafi, ba a ɗaga kwali, ba a magana daga can. Abu uku ne ke iya faruwa: a amince, a yi gyara a amince, ko a tura wa kwamiti. In an tura wa kwamiti kada ranka ya ɓaci, sau da yawa alama ce ta ana so a ji daga bakinka. Ka nemi sakataren kwamitin a ranar, ka ba shi lambarka da kwafin komai. In an nemi a cire sunan wata ƙasa ko a sauya wani mai jawabi, ka auna: in gyaran bai taɓa gaskiyar abin da ya faru ba, ka karɓa. In kuwa so ake a ce abin da kotu ta tabbatar "rikici" ne kawai tsakanin ɓangarori biyu, gara ka janye ka koma zauren haya.

Mataki na takwas: daga ƙuduri zuwa mabuɗi

Guduma ta buga ba ta nufin ƙofa ta buɗe. Ka karɓi kwafin ƙudurin mai hatimi daga ofishin Akawu. In ginin majalisa ne, ka zauna da jami'in tsaron majalisa da mai kula da ginin a rubuta sharuɗɗa: ta wace ƙofa za a shiga, mutum nawa, ina za a ajiye motoci, wa zai sayi man janareta, wa zai share wurin. In na gwamnati ne, ka bi wasiƙar da ƙafarka zuwa ofishin Sakataren Gwamnati, daga can zuwa ma'aikatar, har ka sami amincewa a rubuce mai ɗauke da rana da sa'a. In akwai kuɗin haya, a biya ta hanyar da gwamnati ta tsara a karɓi rasit. Kada a buga katin gayyata kafin wannan takarda ta shigo hannu.

Sai tsaro. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin taro cikin lumana, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba a buƙatar lasisin 'yan sanda kafin a taru. Duk da haka ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda, hukumar tsaro ta farin kaya da jami'an sibil difens, kana sanar da su da neman kariya, da kwafin ƙudurin a maƙale. In za a gayyaci jakada ko wakilinsa daga Abuja, a yi da wuri, domin tafiyarsu tana bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma dole ofishin tsare-tsaren baƙi na gidan gwamnati ya sani.

Mataki na tara: abin da za a yi a cikin zauren

A Washington kyandir shida ake kunnawa, a Kigali wuta ake kunnawa ta yi kwana 100. Ba dole ne a ɗauko waɗannan a kawo Sakkwato ba, kuma wasu malamai ba su natsu da kyandir ko tsayuwar shiru na minti ɗaya ba. Muna da namu: buɗewa da addu'a, karatun Alƙur'ani, musamman ayar Suratul Ma'ida da ke cewa wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne, sannan a ba shugaban Kiristoci dama ya yi tasa addu'ar. Karanta sunayen mamata, inda aka same su daga majiya tabbatacciya, abu ne da kowa ke karɓa.

Lacca guda ta minti 30 daga masanin tarihi ko shari'a ta fi jawabai goma. Abin da ya fi amfanar matasanmu shi ne su ji yadda abin ke farawa: yadda gidan rediyon RTLM a Ruwanda ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin a ɗauki adda, da yadda katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila ya zama takardar mutuwa a shingayen hanya. Mai sauraro da ke riƙe da waya cike da saƙonnin WhatsApp zai gane inda aka dosa ba sai an faɗa masa ba. In akwai wanda ya tsira daga wani hari da zai yi magana, a nemi yardarsa tun da wuri, a bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa, kada a matsa masa da tambaya, kuma a tambaye shi ko ya yarda a ɗauki hotonsa. Hotunan gawarwaki ba su da wuri a zauren da yara 'yan makaranta za su zauna.

'Yan siyasa za su zo, tunda gininsu ne. A ba Kakaki ko wakilinsa da wanda ya kawo ƙudurin minti biyar-biyar, a hana tutar jam'iyya, hula mai tambari da maroƙa. Mai gabatarwa ya zama dattijon da zai iya karɓe makirufo cikin ladabi in wani ya fara nuna wata ƙabila da yatsa.

Cikin mako guda bayan taron, a aika wa Kakaki wasiƙar godiya ta hannun Akawu, tare da rahoton shafi ɗaya: adadin mahalarta, waɗanda suka yi jawabi, da shaidar mai kula da ginin cewa an mayar da wurin yadda aka same shi. A aika kwafi ga Sakataren Gwamnati, fada da hukumomin tsaro. A ajiye kwafin ƙudurin, amincewar ma'aikata, rasit da rahoton a fayil guda, domin izinin na rana ɗaya ne, kuma baɗi da waɗannan takardu za a sake shigar da buƙatar tun watan Satumba.